Da Ido Ruka Take Ji

Kontagora,
6 ga Disamba, 1971.

Zuwa ga ƙanena Mahmudu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Barakatu da yara, kamar yadda ta bar mu a nan. Allah Ya tsare ka a bakin aikinka, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sa kun yi salla lafiya a can Inugu. Mu dai mun gama azumi lafiya, mun yi salla lafiya, ba abin da za mu ce sai godiya.

Inna tana nan da sauƙi, gwiwar ce dai har yanzu, amma bakin nan nata garau yake, kullum sai ta yi mitar cewa an gama yaƙi tuni, ita ba ta ga abin da ya riƙe ka ba. Maigida ya yanke dawarsa, bana ta yi kyau fiye da bara, gyaɗar ce kawai ba ta yi auki ba. Iyatu ta sauka lafiya a Rijau mako biyu kafin azumi, an sami namiji, an sa masa Lukuman. Na je suna na kwana uku, na dawo da ciwon baya saboda hanyar nan da ka sani. Kawu Mailafiya ya ce in gaya maka rufin ɗakinka ya fara yoyo ta gabas, shi kuma ya tsufa da hawa bisa.

Kofur Markus ya kawo mini takardarka da atamfar da ka aiko, na gode, Allah Ya ƙara buɗi. Atamfar ta fi takardar tsawo nesa ba kusa ba. Wata bakwai ina jiran amsarka, sai ga layi biyar kamar kana ba ƙananan sojoji umarni. Ka manta ni na goya ka ke nan. Ka ce tunda yarinya ta zo ta ƙarshe a aji sau uku a jere, kuma an ce ta zama mai kunnen ƙashi da tsaurin ido, to in shekarar nan ta ƙare a cire ta daga makaranta ta zauna gida ta koyi aiki. Ba zan tambayi wanda ya kai maka wannan labari ba, don ni ce na rubuta maka shi da hannuna. Saboda haka ne na zauna yau in warware abin da na ƙulla. Ka yi haƙuri da tsawon takardar, ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke hukunci a kan 'yarka Ruka.

Ka san tun ranar da aka yaye ta aka ɗora mini ita a baya, kamar yadda ake yi wa 'yar fari, kuma ban taɓa jin cewa ba ni na haife ta ba. Ka kuma san yadda take da kai tun tana ƙarama, in aka yi waƙa sau ɗaya a gidan biki ta ɗauke ta ke nan. Da aka sa ta makaranta ba ta wuce ta biyar a aji. To, sai sanƙarau ɗin bazarar bara ya kama ta. Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti, ni da Inna muna karɓa-karɓa, har na fid da rai. Da Allah Ya tashi kafaɗunta, muka ga ƙafa lafiya, hannu lafiya, baki yana magana, sai muka yi sadaka muka ce an rabu da ciwo. Babu wanda ya yi tunanin ya tafi da wani abu.

Bayan ta koma makaranta ne halinta ya sauya. In ina madafa na ƙwala mata kira, sai ta yi kamar ba da ita nake ba. In na zo gabanta na yi magana, nan da nan ta amsa. Wannan ne ya ruɗe mu duka. Inna ta ce ai tana ji, sai dai in ta ga dama, shagwaɓar jinya ce ba ta sake ta ba. Ni ma haka na ɗauka. Abin da ya fi ɓata mini rai kuwa shi ne wani sabon salo da ta tsiro da shi: in babba yana magana, maimakon ta sunkuyar da kai kamar 'yar mutunci, sai ta ƙura masa ido ƙur, ba ƙiftawa. Maƙwabta suka fara magana. Wata ta ce mini wai boko ne ya buɗe mata ido, wata ta ce ni na sangarta ta don ban haifi mace ba. Na yi faɗa, na yi nasiha, a banza.

Akwai abin da ban gaya maka ba a waccan takarda. Ran nan wan maigida ya zo daga ƙauye, dattijo mai furfura, Ruka ta durƙusa gaishe shi. Yana sa mata albarka, ita kuwa ta kafe shi da ido har ya tsargu ya kau da kai, ya ce da ni cikin wasa 'yar tawa ba ta da tsoro. Kunya ta rufe ni. Yana fita na ja ta ɗaki na murɗe mata kunne, Mahmudu, kunnen nan dai, na ce in na ƙara ganin ta ɗaga ido ta kalli babba sai na yi mata dukan da ban taɓa yi mata ba. Ta ji wannan kam, don a fuskarta na faɗa. Daga ranar ta koyi sunkuyar da kai. Maƙwabta suka yaba, suka ce yarinya ta shiryu, ni ma na ji daɗi. Sai dai ta daina surutu, ta daina waƙa, aike ma in an yi mata sai ta kawo wani abu daban. A zangon da ya biyo baya ta sake zuwa ta ƙarshe, shi ne na zauna cikin fushi na rubuta maka.

Ka tuna yadda ake zama a aji tun zamaninku. Wanda ya zo na ɗaya shi ne a bencin gaba, a bi da bi har na ƙarshe ya dangana da bango. Tun faɗuwarta ta farko aka mai da Ruka can baya, malami kuma yana rubutu a allo yana magana, ya ba su ƙeya. Ban ga laifin malamin ba, haka ya taras ana yi. Amma ka duba yadda muka haɗu muka yi mata: makaranta ta kai ta inda ba za ta hango ba, ni kuma na hana ta ɗaga kai.

Ana nan sai aka yi wa malamin ajinsu canji a farkon damina, aka kawo wani saurayi wai shi Malam Haggai, Bakambare ne daga wani ƙauye bayan Ibeto, bai daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba. Siriri ne, ga gashin baki ya tara kamar na ɗan doka, yara har tsoronsa suke ji da farko. Bai yi wata guda ba, wata Asabar da hantsi, sai ga shi a zaure yana sallama da maigida, ya ce yana so a kira ni da Ruka. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan ta yi wani abin. Na yafa mayafi na fito ina harararta.

Bayan an gaisa, ya roƙi maigida izinin ya nuna mana wani abu. Ya tsai da Ruka ta fuskanci bango, ya koma bayanta taku uku, ya kira sunanta yadda ake kiran mutum, har sau uku. Ko motsi ba ta yi ba. Na buɗe baki zan ce ai halin nata ke nan, ya ɗaga mini hannu. Ya zagayo gabanta ya tsuguna, ita kuwa ta dunƙufar da kai ƙasa kamar yadda na koya mata. Ya nuna mata idonsa da yatsa, alamar ta dube shi. Ba shi ta duba ba, ni ta waiwayo ta duba, tana neman izini. Wannan kallon ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah. Na gyaɗa mata kai. Sai ya motsa baki kawai, ba murya ko kaɗan, mu da muke kusa ba mu ji komai ba. Yarinyar nan ta juya ta shiga gida, ta dawo da ruwa a moɗa ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya karɓa ya sha, sannan ya dube ni ya ce da Hausarsa ta Kambari, a hankali: "Goggo, ba rashin kunya ba ne. Kunnen ne ya tafi. Da ido take ji."

Na zauna a dakalin zaure a gaban baƙo. Maigida sai salati yake yi. Ni kuwa ba abin da ke yawo a kaina sai ranar da na murɗe kunnen nan. Ban yi kuka a wurin ba, na daure, amma ka sani tun rasuwar Baba ban ji abu ya soki zuciyata irin na ranar ba.

Maigida ya tambaye shi yadda aka yi ya gane abin da mu da muke kwana ɗaki ɗaya da ita ba mu gane ba. Ya yi dariya ya ce ba wani ilmi ba ne, ya san kallon ne. Ya ce ranar da aka kai shi makaranta ba ya jin Hausa ko ta sayen gishiri, shekara guda ya yi yana zaune yana bin bakin malami da ido don ya tsinci abin da zai tsinta, ana ce masa daƙiƙi. Ya ce ya lura in Ruka ta shagala takan saci kallon bakinsa daga can baya, kuma duk ranar da ta yi haka amsarta daidai take fitowa, amma da sun haɗa ido sai ta sunkuya kamar wadda aka kama da sata.

Da la'asar na zaunar da ita a tsakar gida, na kama fuskarta da hannu biyu, na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba ta ji ba. Ta ce ita ba ta san kunnenta ne ba. Ta ce, "Goggo, na zaci tun da na yi ciwo kuka koma yin magana ƙasa-ƙasa, don kuna fushi da ni." Fiye da shekara guda yarinyar nan tana ɗauke da wannan a ranta, tana neman laifin da ta yi mana. A nan ne kukan ya ƙwace mini. Na roƙe ta gafara, ita kuma ta rasa yadda za ta yi da babba mai ba ta haƙuri, sai ta kama share mini hawaye da bakin zanena.

Mun kai ta asibiti ran Litinin. Likita ya leƙa da 'yar fitila, ya yi gwaje-gwajensa, ya ce na dama ya mutu, na hagu da ɗan saura, tana jin tsawa da ganga da kira mai ƙarfi in an matso. Ya ce ciwon yakan yi haka, kuma kada mu wahal da kanmu da ɗiga mata mai ko tsime-tsime, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Na gaya maka wannan ƙarara don kada ka sa rai. Za ka ce me ya hana ni rubuto maka tun a lokacin. Kunya ce. Na ɗauki biro ya fi sau biyar, in na zo wurin da zan faɗi abin da na yi sai in ajiye.

Yanzu bari in ba ka labarin abin da Malam Haggai ya yi da ajin, don na je na gani da idona, maigida ya bar ni. Abu na farko, ya aske gashin bakin nan tas. Yara suka yi ta dariya har mako guda, shi kuwa ya ce yana rufe wa Ruka leɓe ne, kuma gashi ai ya tsiro wata rana. Sannan ya rushe zaman na ɗaya da na ƙarshe. Ya jera bencina sun yi gewaye kamar bakin ƙwarya, kowa yana ganin fuskar kowa, shi kuma ya tsaya ta inda hasken taga yake sauka a fuskarsa. Ya kafa wa kansa doka: in yana rubutu ba ya magana, in zai yi magana sai ya ajiye alli ya juyo. Yaro in zai ba da amsa sai ya ɗaga hannu ya miƙe, a ɗan jira Ruka ta juyo ta same shi, sannan ya buɗe baki. Na ga wani ya yi garaje ya fara magana, sauran suka yi masa ca, suna nuna masa ita. In ana shifta, gabanta yake tsayawa ya faɗi kalma sau biyu, wadda ba ta sani ba kuwa ya zana ta ko ya nuna abin.

Da na yi masa godiya na ce ya wahal da aji guda saboda 'yata, sai ya ce ba haka ba ne, Ruka ce dai ta sa ya buɗe ido ya dubi sauran. Akwai wata Fure da take zaune kusa da ita, daga ƙauye aka kawo ta, Hausarta ba ta nuna ba. Ya ce tun da ya koma yin lissafi da tsakuwa da karan dawa da 'ya'yan kaɗanya, yana nunawa kafin ya faɗa, Fure ta fara ɗaga hannu. Akwai Bitrus mai shan-inna, da can in an kira shi allo sai ya ja jiki a ƙasa yara suna kallo. Yanzu wurinsa yana bakin ƙofa, an yi masa 'yar kujera daidai shi, in layinsa ya zo sai a kai masa ƙaramin allo ya rubuta ya ɗaga kowa ya gani. Har wani mai in'ina da ba a taɓa jin muryarsa ba, yanzu da aka saba jiran mai magana, yakan kai ƙarshen zancensa. Ni da na yi yaƙi da jahilci a zaure da manyan mata, ban taɓa sanin ana iya gyara aji don ya dace da yara ba, na ɗauka yaro ne ake lanƙwasawa ya dace da aji.

Kada ka ce abin ya tafi sumul. Hedimasta ya ƙi da farko, ya ce in sufeto ya zo ya ga bencina a karkace shi za a tuhuma. Wasu iyaye kuma suka kai ƙara wai malami yana koya wa 'yan mata kallon maza ido cikin ido. Ni na ɗauki mayafina na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, na faɗa musu abin da na yi wa Ruka, ban rage komai ba, na ce wadda take so ta yi irin kuskurena ga hanya nan. Yawancinsu jikinsu ya yi sanyi. Sufeton kuwa da ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa ya fi rabin sa'a, ya yi rubuce-rubuce a littafinsa, ya tafi abinsa. Har yau hedimasta bai san ko yabo ne ko zargi ba, amma dai bai sake maganar bencina ba.

A gida ma mun sauya. Ba mai ƙwala mata kira daga nesa, sai a je a taɓa kafaɗarta. Maigida da kansa ya je ya yi wa malamin makarantar allo bayani, yanzu a gabansa take zama. Inna ce ta fi ba ni wahala, ta ce ita jikarta ba za ta tsare ta da ido ba tana raye. Ba a yi kwana goma ba na same su a ɗaki, Inna ta jawo ta gaba tana yi mata tatsuniya, tana wangale bakin nan da ba haƙora. Kitso ne ya so ya gagare mu, don ka san a baya mai kitso take zama, kuma a nan ne muka saba hira ni da ita. Sai ita da kanta ta ɗauko ɗan madubina ta riƙe, tana kallon bakina ta ciki. Yanzu in muka fara kitso ba ma gamawa da wuri, surutun da ta tara na shekara guda take biya.

An yi jarrabawar ƙarshen shekara makon jiya. Ba ta zo ta ɗaya ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ta zo ta goma sha bakwai cikin arba'in da biyu, a lissafi kuwa mutum uku ne kawai suka fi ta. Turanci yana ba ta wuya ƙwarai, don kalmomi ne da ba ta taɓa ji da kunne ba. Wani lokaci muryarta takan yi sama ba ta sani ba, yaran wasu azuzuwan sukan tsokane ta da kurma, takan dawo gida idanu jajur don gajiyar kallo. Amma da sassafe ita take riga kowa wanka, kuma ta dawo da waƙa, ko da yake yanzu takan kauce wa amo, ni dai daɗi take yi mini.

Ga inda maganar take. Malam Haggai ya roƙi hedimasta a bar shi ya bi yaran nan zuwa aji huɗu, don kada Ruka ta faɗa hannun wanda zai sake farawa daga farko. An amince masa. Jiya ya aiko matarsa Magdalena ta tambaye ni ko gaskiya ne abin da ya ji, wai za a cire ta. Na ce mata mahaifinta ne mai magana.

Kuma gaskiya ne, Mahmudu, kai ne mai magana. Ni riƙo aka ba ni, ban isa in tsallake umarninka ba. Amma ka yi tunani. Yarinyar da kunne ya tafi, in ba ta iya karatu da rubutu ba, da me za ta ji duniya in mun kau? Wa zai tsaya ya juyo mata da fuska a gidan wani? Takarda kuwa ba ta ba mutum ƙeya. Aikin gida da kake so ta koya, ta riga ta iya tuwo da miyar kuka fiye da yadda na iya a shekarunta. Hukuncin da ka yanke, a kan labarin da na ba ka ka yanke shi, labarin kuwa ba daidai ba ne. In akwai wanda ya cancanci fushinka, ni ce.

Kofur Markus ya ce kana sa ran samun hutu da babbar salla. Makaranta za ta buɗe kafin nan, kuma ina gaya maka tun yanzu, zan wanke mata kayanta in tura ta, sai ka zo. In ka zo ka ga ajin nan da idonka, har yanzu kana kan bakanka, to ba zan yi maka gardama ba. Abu ɗaya ne ba zan yi ba: ba ni zan gaya mata ba. Na riga na rufe mata ƙofa sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Na san 'yar fari ce, na san ba ka kama sunanta, ba ka zama inda take, in za ka yi mata magana sai ka kau da kai ka faɗa wa bango. Haka Baba ya yi mini, ban kuma ce laifi ba ne. Amma Ruka ba za ta ji ka ta haka ba. Sai ka ajiye kunyar nan ko ta yini ɗaya ce, ka zauna a gabanta inda haske yake, ka bar ta ta kalli fuskarka, ka faɗa mata da bakinka. In ka iya, shi ke nan.

Ka gai da Barakatu da kyau, ka karanta mata takardar nan duka, kada ka tsallake ko layi ɗaya, uwa ce, tana da hakkin ta sani. Ka ce ta yafe mini. Ka shafa mini kan yara. Na ba Kofur Markus daddawa da kuka da man kaɗe ya kawo muku, daddawar ta Inna ce, ta ce kada a ba maƙwabta. Inna tana sa maka albarka, maigida yana gaishe ka, haka Kawu Mailafiya da Iyatu da maigidanta.

Ruka ba ta san abin da ke cikin takardarka ba, na ce mata dai kana zuwa da salla. Ta ce in gaishe ka. Can kuma ta tambaye ni ko Babanta yana magana da sauri, don ta san irin shirin da za ta yi. Na ce mata a'a, a hankali kake yi. Don Allah kada ka ƙaryata ni.

Allah Ya kawo ka lafiya, Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ni ce yayarka,
Saudatu.